Magini a Ɗakin Ƙarshe

Ana gab da magariba babban likita ya aike ni ɗakin ƙarshe in ɗebo jinin wani magini. Ya ce in jira sai zazzaɓin ya kai ƙololuwa, don a lokacin aka fi kama ƙwayar cuta a jini.

Sati shida ke nan dattijon yana kwance a wurinmu. Mun gwada zazzaɓin cizon sauro, babu. Taifot, babu. Muka ɗauki hoton ƙirji muna zargin tarin fuka, muka duba zuciya, muka ciri kaluluwar wuyansa aka kai ɗakin gwaji. Har magungunan muka tsayar na kwana uku, ko su ne ke tayar da zafin. Kowane sakamako ya fito fes. Shi kuwa sai ramewa yake, har matarsa kan tsokane shi cewa yanzu bulo ɗaya ya fi shi nauyi.

A bakin ƙofa na tarar da ita za ta fita. Ta ce, "'Yata, ki yi maza ki fito. Ni ba na zama ciki a irin wannan lokaci." Na ɗauka warin magani ne ya ishe ta.

Na shiga, ƙofar ta rufe a bayana. Taga ɗaya ce a ɗakin, mai sandunan ƙarfe. Fanka na juyawa tana ƙiƙi-ƙiƙi. Na saka masa ma'aunin zafi, ina maimaita tambayoyin da muka yi masa sau goma: tafiya, dabbobi, ɗanyar madara, mai tari a gida. Duk a'a. Sai na tambaye shi aikin ƙarshe da ya yi kafin ya kwanta. Ya ce wata tsohuwar rijiya ya rufe da kankare a wani gida da ake sabuntawa. Yana cikin shafe simintin ya ji ana ƙwanƙwasawa daga ƙasa. Bai gaya wa kowa ba, ya ƙarasa aikinsa ya tafi.

Ma'aunin ya nuna arba'in da ɗaya.

Na ɗaure masa damtse, na soka allura. Fanka ta tsaya cak. Warin laka da gansakuka ya cika ɗakin.

Ɗis. Ɗis. Babu famfo a ɗakin nan.

Abin da ya shigo sirinjin ba jini ba ne. Ruwa ne baƙi, sanyinsa har ta cikin safar hannu.

Na yi ƙofa. Mariƙin ya juya, ƙofar ko gezau. Na buga, na kira nas. Ina jin ƙarar keken marasa lafiya a baranda, kusa ƙwarai, amma muryata ta ƙi wuce bangon. Ruwa ya taɓa idon sawuna. Hasken tagar ya tsuke, ya koma ɗan zagaye can sama.

Na ce da raɗa, "Baba, ka ce su bari."

Leɓensa bai motsa ba. Daga ƙirjinsa wasu muryoyi suka fito, da yawa, har da ta jariri.

"Ya rufe mana ƙofa. Ina za mu kwana?"

Ruwan ya kai gwiwa. Wasu yatsu suka riƙe ƙafata.

Na ce, "Za a buɗe. Wallahi gobe za a buɗe."

Yatsun suka saki ɗaya bayan ɗaya. Matarsa ta turo ƙofar da hannu ɗaya, na faɗa jikinta. Daɓen ɗakin a bushe yake ƙamas, ni kuwa kayana sharkaf har gwiwa.

A baranda na gaya mata komai, ba ta yi mini ko tambaya ɗaya ba. Da safe 'ya'yansa maza suka je suka roƙi mai gidan da rijiyar take, suka fasa kankaren da guduma. A yammacin ranar zafin bai tashi ba, haka washegari. Babban likita ya rubuta a fayil cewa zazzaɓin ya sauka da kansa, ba a gano sanadi ba. Bayan kwana biyar aka sallami dattijon, kuma bai sake taɓa siminti ba.

Ni na nemi a mayar da ni sashen yara, a hawa na uku. Har yau ba na iya rufe ƙofa a bayana, ko ta banɗaki ce. Mijina ya gaji da tambaya, wata rana na dawo aiki na tarar ya cire duk sakatun ɗakunanmu da kansa.