Almut Ba Tabarau

Ranar da aka buɗe kasuwar Kirsimeti ta tsohon gari, Almut ta cire tabarau ɗinta ta cusa a aljihu. Dokar kasuwar ke nan: mai rumfa ya yi shigar mutanen da, ba agogo, ba waya, ba gilashin zamani. Ita kuwa in ba shi, ko fuskar babanta sai ta lalubo.

Tana juya tukunyar kakin kyandir a rumfar babanta hannunta ya goce. Wani ya tare.

"A hankali, 'yar kyandir, kar ki soya mu."

Hula mai ruwan ƙasa kawai ta gani, sai murya mai sanyi. Ya bar mata gasasshiyar gujiya a takarda, da lambar wayarsa da sunansa a jiki: Kilian.

A bayan rumfa take ɓuya ta karanta saƙonsa.

"'Yar kyandir, yau ma kin fi kasuwar haske."

"Kai dai ka iya zance. Ina rumfarka?"

"Inda kika ga wuta."

Ta leƙa. Ga wuta can, ga mai hula ruwan ƙasa. Kwana huɗu tana aika masa murmushi, yana ɗago mata hannu. Amma saƙonni suka ɗauke. Ta rasa gane kan abin: mutum yana mata fara'a da rana, a waya kuma ya yi gum?

Da ta kasa haƙuri ta nuna wa babanta shi.

Baba Häberle ya ajiye lagwanin da yake tsomawa. "Veit? Mai wasan haɗiyar wuta? Wannan da a kowace kasuwa yake da budurwa? Ba da 'yata ba!"

Ta rubuta wa Kilian: "Baba ya ce sunanka Veit. Ya ce ba zan auri mai haɗiyar wuta ba. Wai ma wane ne kai?"

Amsa ba ta zo ba sai washegari, da ƙafarta. Muryar nan ce a bakin rumfa.

"Ni maƙeri ne. Wutar maƙerata na bayan tasa. Kwana huɗu ina kallon kina wa wani dariya."

"Wallahi ban gani ba, Kilian. Ba na gani!"

"Jiya na gane."

Ya ɗora mata wani abu a karan hanci: tabarau irin na mutanen da, wanda doka ba ta hana ba, ya ƙera da hannunsa. Gilashin bai yi mata daidai ba, amma ya isa. Kunnuwansa manya ne, ga baƙin gawayi a goshi. Ta fashe da kuka da dariya lokaci guda.

"Na yi muni ne?"

"Tsaya dai, ban gama kallo ba."

Bayan shekara aka ɗaura aurensu a cocin da ke bakin kasuwar, masu rumfuna duk suka zo da shigarsu. Baba Häberle ya haɗa hannuwansu cikin nasa.

"Ga ta nan, ɗana. Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya albarkaci gidanku."