Babi Takwas Na Jun-seop

Ranar 9 ga Afrilu, 2011, Bu Hae-rin ta shiga maɗaba'ar Dattijo Bang a Seoul, riƙe da sammacin kotu. Laifinta shi ne ta saki babi dubu ɗaya da ɗari da tamanin da tara kyauta a intanet: Littafi Mai Tsarki cikin harshen tsibirin Jeju. Marigayi mahaifinta ne ya fassara shi ya sayar wa maɗaba'ar, maɗaba'ar kuwa ta ƙi sake bugawa.

Lauyan da ya shigar da ƙarar shi ne Jun-seop, ɗan Dattijo, wanda ya taɓa yi mata alkawarin aure. Ga shi zaune gefen Mi-ran, 'yar babban fasto, wadda ta kitsa ƙarar, ta kuma gaji zoben alkawarin auren.

"'Yar ƙauye ta iso," in ji Mi-ran. "Roƙo kika zo?"

Hae-rin ba ta ko dube ta ba.

"Yaya Jun-seop... da gaske ɗaure ni za ka yi?"

"Hae-rin, doka ce... Duk mai hannu a ciki zai gurfana. Ki rufe shafin, masoyiyata, komai ya wuce."

"Kada bakinka ya ƙara kirana haka!"

Ta juya ga Dattijo Bang, ta rusuna.

"Ranka ya daɗe, ka san al'adar majami'unmu. Ba mutum ɗaya ke buga Littafi a na'ura ba. Jama'a ke raba babi-babi, kowa sunansa na ƙarƙashin abin da ya buga."

"Na sani. Duk za mu haɗa da su."

"Madalla! To a fara da wanda ya buga Waƙar Sulemanu."

Ta buɗe wayarta, ta tura masa. Babi takwas na waƙar soyayya, ƙarƙashin kowanne an rubuta Bang Jun-seop. Ya buga su ne a bazarar da yake nemanta, yana aiko mata aya-aya, bai taɓa tambayar fassarar wa yake kwafa ba.

Dattijo ya dire kofinsa da ƙarfi, shayin sha'ir ya zube.

"Kai! Ɗana ne ɓarawon littafina?"

"Baba... lokacin ina sonta ne..."

"Waƙar Sulemanu?" Mi-ran ta miƙe. "Ni ko aya ɗaya ba ka taɓa aiko mini ba!"

Ta zare zoben ta jefa masa a ƙirji.

Jun-seop ya biyo Hae-rin har bakin ƙofa, idonsa ya ciko.

"Ki yafe mini... Har yanzu ke ce a raina."

Zuciyarta ta motsa, domin ita ma ba ta warke ba. Amma ta daure.

"Tsofaffin tsibirinmu na son babinka, Yaya. Ba zan goge sunanka ba har abada."

An janye ƙarar ranar 2 ga Mayu. Jun-seop bai auri ko ɗaya daga cikinsu ba, sunansa kuwa yana nan ƙarƙashin babi takwas ɗin.