Matar Sajan

Tana tsaka da ɗinki a falo mahaifiyarta ta shigo, ko zama ba ta yi ba.

"Tashi ki haɗa kayanki. An ce jiya iska ta buga ƙofa, mijin naki ya kifar da tebur ya ɓuya a bayansa. Jira kike sai ya ji miki ciwo?"

"Mama, wallahi bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Tsoro ne kawai—"

"Soja da tsoro? Dubi yadda kika rame."

Sajan yana ɗaki, ya ji komai. Tun da ya dawo daga bakin daga barci ya ƙaurace masa, ƙarar babur ma firgita shi take. Da Mama ta tafi ya fito, kansa a sunkuye.

"Ki bi ta. Wanda kika aura bai dawo ba."

"Ni wanda ya dawo nake so," ta ce, hawaye na ɗiga a kan yadin mutane. "Amma na gaji ni kaɗai. Mu je asibiti."

Da ma yayansa ne ya hana, wai a zuri'arsu ba a taɓa kai kowa wurin likitan ƙwaƙwalwa ba. Wannan karon Sajan da kansa ya ɗauki hularsa.

Likitar ta daɗe tana sauraronsa, sannan ta juyo wajen matar.

"Ke fa, wa yake kula da ke?"

Ta buɗe baki, sai kuka. Likitar ta ce akwai zaman da iyalan tsofaffin sojoji suke yi, ta zo da wani nata. Da ƙyar matar ta lallaɓo Mama suka je. A can wata dattijuwa ta ba da labarin ɗanta, kamar a gidansu aka yi.

Washegari sai ga Mama da jakarta.

"Jeki ki kwanta. Ni zan zauna da ɗana."

Sajan bai warke rana ɗaya ba, amma sauƙi ya samu. Yanzu tare suke buɗe shago, tana ɗinki yana guga.

"Madam, rage sifid mana, ma'aikacinki ya gaji," yakan ce, tana dariya.

Haƙurinta bai tafi a banza ba. Amma ku sani, haƙuri ba shiru ba ne: a nemi magani, a kuma riƙe mai jinya kamar yadda ake riƙe majinyaci.