Goge na Biyar

Sada, mai gyaran agogo a Dutsin-Ma, yana da hali guda: in ya gyara abu, sai ya gwada shi ko a ina ne. Wannan hali shi ya ja masa.

Malam Tomas, malamin asibitin Kurfi, ya ba shi gyaran garmaho, wato akwatin kiɗa mai allura, da faifai ɗaya na gwaji. Wani likita ɗan ƙasar Hangari ne ya bar wa Tomas su. Kiɗan Turawa ne na goge huɗu: biyu masu siririyar murya, ɗaya matsakaici, ɗaya ƙato mai gurnani.

Ran da zai mayar, ya goyo matarsa Ramlatu a keke, akwatin a cinyarta. Dab da magariba suka tsaya hutawa a gindin wata tsamiya, Kurfi na hange. Sada ya fara wana garmaho.

"Maigida, ba a goge a gindin tsamiya. Kakata 'yar bori ce, ka sani."

Ya yi dariya. "Na Turawa ne. Mutanen ɓoye ba sa jin wannan."

Kiɗan ya taso a hankali kamar mai kuka a ɗaki. Can tsirkiyoyin suka fara karo da juna, ɗaya na ƙara, ɗaya na tsinke sauti ɗis, ɗis. Babu kalangu, babu waƙa. Gyare ya yi tsit.

Sada ya kasa kunne yana rarrabe su. Huɗu ne, amma ya ji biyar.

Na biyar daga saman tsamiyar yake. Gogen gida ne, mai izga, yana bin Turawan sau da ƙafa. Warin ƙonannen gashi ya cika wurin.

Ramlatu ta fara rangaji, idanunta sun juye. Tsoro ya kama Sada, ya kai hannu zai ɗage allura. Ta damƙe shi.

"Kada ka katse," ta ce da raɗa. "In sun zo, sai kiɗa ya ƙare suke tafiya."

Ya bari. Faifan ya kai ƙarshe, ya juya shi. Ɗaya gefen ma ya ƙare a tsakiyar kiɗa. Ragowar tana wani faifan, a gidan Tomas.

Allura na ƙirr, ƙirr. Gogen sama bai tsaya ba.

Saukowa yake yi.

Sada ya saɓi Ramlatu a kafaɗa, ya bar keke da garmaho, ya zura da gudu yana kiran sunan Allah har Kurfi.

Ta farfaɗo, amma tun daga nan, ko daka take sai a ji tana wani gunguni mai daɗi da ban tausayi. Da aka ɗauko garmahon, Sada ya roƙi Tomas ya sa faifan ƙarshe, ko a sallami baƙin. Yana farawa Sada ya gane kiɗan.

Gungunin Ramlatu ne, tiryan-tiryan, ita da ba ta taɓa jin faifan ba.