Kwalba Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

"Wannan jinin, kwalba mai lamba arba'in da ɗaya, na wace ce?" Oga ya nuna allon kwamfuta. "A layin masu lafiya yake, amma ya haura na marasa lafiya!"

Na duba lambar...

Nawa ne.

Wata shida ke nan muna auna jinin mata a ɗakin gwaje-gwaje, muna bibiyar sinadarin da ke sa ƙwayoyin jiki tsiro, ko yawansa zai tona sankarar bakin mahaifa. Da masu lafiya suka yi mana ƙaranci, na miƙa hannuna aka ɗiba, har ina dariya.

Mai riƙe da littafin sunayen kuwa 'yar ƙanwar mahaifiyar Injiniya ce, wanda zan aura. Ta daɗe tana haɗiyar yawu a kansa. Kafin in cire safar hannu labari ya isa gidansu.

Mahaifiyarsa ta kira ni.

"'Yar nan, ba ƙin ki nake ba. Shi kaɗai na haifa. A dakata da maganar auren tukuna."

"Mama, alama ce kawai, ba a ma duba..."

Ƙit! Ta kashe.

Kwana tara Injiniya bai kira ba. A bayan gini nake cin abincin rana ni kaɗai, wayata a cinya, ko ƙara ba ta yi. A gida na ce ciwon kai ne.

Ranar duba mahaifar, kowace mace a bencin asibiti da ɗan rakiyarta. Ni jakata na rungume.

"Matsa min, sarauniyar kwalabe."

Shi ne! Ya rame, ko aski bai yi ba.

"Kwana tara, Injiniya..."

"Tsoro na ji, rabin raina. Ba ni da wata hujja."

"Ni ban ji ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Ki yafe min."

"In likita ya ce akwai fa? In aka cire mahaifar?"

"To akwai ɗin. Jiya na durƙusa gaban Mama, na ce ke nake nema, ba takardar asibiti ba. Ta yi kuka, na yi, amma ba a ɗaga rana ba."

Hawayen da na riƙe suka ƙwace.

Nas ta leƙo ta yafito ni. Ya riga ni miƙewa, jakata a kafaɗarsa.

Ta kalle shi. "Malam, mijinta ne?"

"Saura sati biyar."

"To mai saura, zauna ka jira."

Ya zauna daf da ƙofa. Na shiga.