Kyaftin da Mataimakiya

Hannun kowa yana sama, ban da na Garzali.

Mubarika ta gani da idonta, ta 'yar kafar da ke tsakanin ƙofar kicin da bango, tana riƙe da tiren abinci. Kawunta Iliasu yana jan addu'a, Malam Ɗantala da ya zo a matsayin uban mai nema yana amsawa da amin, shi kuwa wanda aka taru dominsa ya sunkuyar da kai kamar mai tsananin kunya. Hannunsa na dama yana ƙarƙashin rigarsa, babban yatsa yana ta yawo a kan gilashin waya.

"Anti Shetu," ta ce ƙasa-ƙasa, "duba min... ko idona ne?"

Matar Kawu ta leƙa, ta dawo da kanta.

"Ba idonki ba ne. Waya yake dannawa."

Mubarika ta kalli agogon bango. Saura minti huɗu ƙarfe biyu, kuma Asabar ce. Nan take ta gane.

Wasan nan ne da suke kira fantasi. Mutum ya zaɓi 'yan ƙwallo goma sha biyar na Ingila a cikin wayarsa, su yi gumi a can, shi a rubuta masa maki a nan Doha yana zaune. A cikinsu akwai kyaftin, wanda ake ninka makinsa, akwai kuma mataimaki, wanda ke hawa kujerar da kansa idan kyaftin bai buga ba. Ƙarfe biyu ake rufe canji. Duk wannan ta haddace shi ba da son ranta ba, don shekara guda ke nan tana shan karatunsa. Su ashirin da uku ne a rukuninsu, masu gadi da direbobi, kuma mako tara Garzali yana saman kowa. Babu kofi, babu kyauta. Sunan Koci kawai ake kiran na ɗaya, shi ke nan abin da ƙartin maza ke hana idonsu barci a kai.

Kawu ya sauke hannu ba tare da ya kai ƙarshen addu'ar ba.

"Garzali."

"Na'am, Baba."

"Wa ya rasu?"

"Baba?"

"Na ce wa ya rasu, da saƙon ba zai jira Fatiha ba?"

Da mai wayo ne da ya ce kafil ɗinsa, ubangidansa na wurin aiki, ke nemansa. Amma Garzali bai iya ƙarya da sauri ba.

"Ba rasuwa ba ce, Baba... rauni ne."

"Subhanallahi. Ɗan'uwanka?"

"Ɗan wasa ne."

Malam Ɗantala ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Dattijon da ya bar motarsa tun safe, ya taso daga Umm Salal da goro da dabino, don ya tsaya wa yaron da ba nasa ba.

Kawu Iliasu bai ɗaga murya ba. Shekara goma sha takwas yana shugabantar direbobi, ya san yadda ake sallamar mutum a hankali. Da Hausarsa ta Kumasi, wadda ba ta raba mace da namiji, ya ce:

"Yarinyan nan ubanshi ya mutu ya bar min shi amana. Na so in ba ɗan Zango, wanda na san gidansu. Ya ce shi ɗan Kano yake so, na yi haƙuri. Yau ina roƙon Allah a kan aurenku, kai kana jinyar wanda bai san an haife ka ba. Ku tashi. Khalas, an gama."

Mubarika ta ajiye tiren a kan firji. Wake da shinkafar da ta tashi tun asuba ta dafa, da miyar barkonon da ta soya har idonta ya yi ja, duk suka huce a wurin ba wanda ya taɓa.

Bayan Isha'i Garzali ya kira ta.

"Habibti..."

"Kada ka ce min habibti."

"Wallahi sharri aka yi min. Uwais ne ya turo min saƙo wai Gajere ya ji ciwo wajen atisaye, in cire shi daga kyaftin kafin a rufe. Ashe ƙarya ce. Lafiyarsa ƙalau."

Uwais direban tasi ne, na biyu a rukunin, kuma tun kafin zuwan Garzali, shi Uwais ɗin ya taɓa cewa yana sonta, ta ce masa a'a. Ya san ranar neman auren, ya san lokacin. Har zuciyarta ta fara yin sanyi, sai Garzali ya ci gaba.

"Kin san nawa ya ci yau? Biyu, Mubarika. Biyu, ya kuma bayar aka ci ɗaya. Ni kuwa wanda na ɗora ko minti sittin bai kai ba aka cire shi, yana tafiya kamar mai ciwon baya. Wannan ɗan wasa ne ko buhun gero? Maki ashirin da shida na zubar..."

Ta sauke wayar daga kunnenta ta kalle ta. An kore shi daga gidan surukai, abin da ke cinsa maki ashirin da shida ne. Ƙyama ta ji, ƙyama sosai, irin ta wanda ya tsinci gashi a tuwo. Ta kashe wayar.

Amma so ba ya fita da kashe waya. Wannan Garzalin dai shi ne ya same ta tana kuka a tashar bas makonta na farko a Doha, ta ɓata hanyar makarantar yaran da take aikin kicin, ya bar layinsa ya raka ta har ƙofa cikin rana mai ƙona tafin ƙafa. Shi ne ya kwana uku yana zarya asibiti lokacin da aka yi mata aiki, yana kawo kunun gyada a filas, ba a ma barinsa ya shiga. Ta ce wa kanta wauta ce kawai ke damunsa, wauta kuwa ana warkewa.

Don haka ta shiga lallashin Kawu. Lahadi ya ƙi kallonta. Litinin ta durƙusa a gabansa har gwiwarta ta yi tsami. Talata Anti Shetu ta sa baki, aka haɗa da ita aka yi musu faɗa. Laraba Mubarika ta kira mahaifiyarta a Kumasi, ta yi kuka, uwar ta kira ƙaninta ta yi nata kukan. Ita da ba ta yi laifin komai ba, ita ce ta yi ta ba da haƙuri gida-gida.

Ranar Juma'a da Kawu ya dawo daga masallaci ya kira ta falo.

"Ka tabbata?"

"Na tabbata, Kawu."

"Mutumin kirki ne?"

"Wallahi mutumin kirki ne. Wasan ne kawai, kuma zai bari."

Ya gyara zama.

"To, na ba shi. Su dawo. Amma ya bar wayan a mota."

Ta rungume Anti Shetu har suka kusa faɗuwa. Ta ce ba za ta faɗa masa ta waya ba, fuskarsa take son gani. Ta sa abayarta mai ruwan zuma, ta fesa turare, ta fito daga Madinat Khalifa ta hau bas zuwa Asian Town, inda ta san suna zaman shayi duk Juma'a.

A cikin bas saƙon Uwais ya shigo.

"Ƙanwata, ban so ki ji a bakin wani ba."

A ƙarƙashi akwai murya, daga rukuninsu, ta ranar Lahadi. Ta so ta goge. Ta danna.

Garzali ne, yana dariya, maza suna tsokanarsa a kan korar da aka yi masa.

"Ku kwantar da hankalinku. Koci ba ya shiga mako ba mataimaki. Mubarika ce kyaftin, wannan babu musu. Amma in tsohon nan ya hana ta fili, Haulat na nan Gwammaja tana jira, da kanta za ta hau. Ba asarar maki."

Aka kwashe da dariya, har da mai tafi.

Ranar Lahadi. Ranar da ta wuni ba ta ci komai ba.

Ta saurara sau biyu. Ba ta yi kuka ba. Ta rubuta wa Uwais layi ɗaya: "Na ji. Kai kuma da ƙaryar rauninka, kada ka sake kirana ƙanwarka." Ta toshe lambarsa.

Asian Town ta cika maƙil kamar kullum ranar hutu, ma'aikata ko'ina, ƙamshin soyayyen albasa da hayaƙin bas. Ta hango su a gaban mai shayin karak, kawuna biyar a kan waya ɗaya, ana gardamar wa za a saya wa za a sayar. Da ya gan ta ya miƙe da sauri har shayi ya zubo masa a riga.

"Rabin raina... ke ce da kanki?"

"Zo nan."

Suka koma gefe, kusa da wani shago da ke rufe. Ta kunna masa muryar. Ta ga yadda fuskarsa ta sauya, ta ga yana neman inda zai sa idonsa.

"Wannan ai raha ce ta maza."

"Wace ce Haulat?"

"'Yar maƙwabtanmu ce. Hajiyarmu ce take so..."

"Kuna waya?"

Ya sosa ƙeya.

"Garzali, kuna waya?"

"Jefi-jefi."

"Ta san da ni?"

"A'a."

"Tana jiranka?"

"Mubarika, ki saurara da kyau mana. Ke na ce kyaftin. Ke ce ta ɗaya, a gaban kowa na faɗa. Kin san kuwa abin da ake nufi da kyaftin?"

Da gaske yake, wannan ne ya fi tayar mata da hankali. Yana kallonta yana jiran ta ji daɗi.

"Na sani," ta ce. "Wanda ake cirewa saura minti huɗu in an ce ya ji ciwo."

"Haba, habibti."

"Yarinyar mutane tana can tana korar manema, tana ƙirga watannin hutunka, kai ka ajiye ta a benci. Ni kuma gwiwata har yanzu ciwo take yi. Ban san wadda na fi jin wa kunya ba tsakanin ni da ita."

"Wallahi ke nake so. Allah ne shaidata."

"Na yarda."

Ta yarda ɗin kuwa. Ta matso kusa da shi.

"Abu ɗaya nake so. Ka kira ta yanzu, a gabana. Ka faɗa mata kana neman aure a nan, ta daina jira. In ka yi, na yafe komai, har muryar."

Ya ciro wayar. Ya nemo sunan, ta gani da idonta, har da 'yar alamar fure a gefensa. Yatsansa ya tsaya a sama. Wannan yatsan da bai iya jiran Fatiha ba, yau ya iya jira.

"Zan kira ta," ya ce a hankali. "Wallahi zan kira. Amma... bari dai mu ji abin da Kawu zai ce tukuna. Kin ga in na sallame ta yanzu, shi kuma ya ƙi..."

Bai ƙarasa ba. Ba sai ya ƙarasa ba.

Mubarika ta gyaɗa kai. Ta gyara gyalenta.

"Kawu ya amince."

"Me?"

"Ɗazu, bayan masallaci. Ya ce ku dawo. Shi na zo faɗa maka, shi ya sa na sa wannan abayar."

Fuskarsa ta washe kamar ta yaro.

"Alhamdulillahi! To ai shi ke nan, yanzu zan kira ta, kin gani, ga shi ina kira..."

Ya danna, ya kara a kunne, yana mata murmushi.

"Ka kira ta don ta huta," ta ce. "Ba don ni ba. Ni zan koma in ba Kawu haƙuri karo na ƙarshe, in ce masa shi ne ya ga daidai."

"Mubarika, tsaya. Yalla, tsaya mana, tana ɗauka..."

Ta juya. Ba ta yi sauri ba. Wani ɓangare na zuciyarta, marar kunya, yana ta roƙo: ya faɗa wa yarinyar gaskiya, ya faɗa ko da ya ga tana tafiya, ya faɗa ba tare da ya san abin da zai samu ba. In ya yi haka za ta juyo, ta san za ta juyo.

Taku biyar ta yi aka ɗauka a can Kano. Ta ji ya yi shiru, ta san bayanta yake kallo, yana lissafi.

Sannan muryarsa ta zo, a tausashe, irin wadda yake mata.

"Haulat... ya gida? A'a, ba komai. Gaisuwa ce kawai."

Mubarika ta tofar da yawu a gefen hanya, ta nufi tashar bas.