Bututu Bakwai Masu Suna

Ranar Litinin da hantsi, Sufeto Zamani Yafet ya ɗauki ƙosai zai kai baki ke nan, sai Kofur Hellen ta leƙo ofis.

"Oga, an yi sata a cocin bayan layin dogo. Fasto ya kira sau uku. Ya ce samari sun kewaye mai gadi."

Ya ajiye ƙosan. A Kafanchan, in aka ce samari sun kewaye mutum, ba a tsayawa ƙarasa karin kumallo.

Abin da aka sace bututu ne, farin nan na roba mai kauri. A shekarar aka shimfiɗa babban bututun ƙazanta a unguwar, duba-gari suka bi gida-gida suna shafa jan fenti a bangon duk wanda sokawensa, wato ramin ƙazantar gidansa, ya cika ko ya rufta. Sharaɗin ɗaya ne: ka jona bayan gidanka da babban bututu kafin ƙarshen wata, ko a rufe gidan a kai ka kotu. Kuɗin jonawar kuwa ba na wasa ba ne. Zamani ya san wannan sarai, don shi ma akwai jan fentin a bangonsa, ya jingina tsohon kwanon rufi a kai kada abokan aiki su gani.

Cocin ma ta sha jan fenti. Sai aka yi taron gudummawa, kowane magidanci ya miƙe ya faɗi bututu nawa zai saya, aka tafa masa. Da aka kawo kayan, aka rubuta sunan kowane gida a jikin nasa da shuɗin fenti, domin mutanenmu in sun yi wa Allah kyauta suna so maƙwabci ma ya shaida.

Zamani ya tarar da mai gadin zaune a ƙasa, an tuge masa hula. Sunansa Yuguda, Bafulatani ne siriri, shekararsa tara yana gadin wurin. Samari kusan ashirin na tsaye a kansa, kowa na faɗin abin da ya zo bakinsa.

"Wa ke riƙe da makullin sito?" Zamani ya tambayi Fasto.

"Ni, da mai gadi, da Baba Kumai, shugaban kwamitin gini. Jiya bayan sujada dukanmu mun tafi jana'iza a Nok. Da safen nan muka ga bakwai babu."

Baba Kumai na gefe da sandarsa. Tsohon hedimasta ne, shi ya koya wa Zamani karatu a aji huɗu, har yau kuma in Zamani ya gan shi sai ya zare hannu daga aljihu. Ya rusuna ya gaishe shi, bai yi masa tambaya ko ɗaya ba.

"A bar doka ta yi aikinta," in ji tsohon, idonsa na kan takalminsa.

Kwaɗon sito lafiyarsa lau. A ciki kuma an sauke bututun saman tari an jera su a gefe ɗaya bayan ɗaya, an zaro na ƙasa.

"Wannan ɓarawo yana da ladabi, Oga," in ji Hellen. "Ga kaya a sama ya bari, ya je yana wahala da na ƙasa."

Zamani ya ji maganar, amma hayaniyar waje ta fi ta ƙarfi. Ya sa Yuguda a mota. Ya gaya wa kansa don ya cece shi daga samari ne, rabin hakan kuma gaskiya ne.

A caji ofis Yuguda ya zauna ya haɗa gwiwoyinsa.

"Ina kake jiya da la'asar?"

"Ina bakin aiki, yallaɓai."

"Wa ya shiga sito?"

"Ban gani ba."

"Bututu bakwai, kowanne ya fi ka tsawo sau uku, suka fita ta ƙofar da kake zaune, ba ka gani ba?"

"Barci ya ɗauke ni."

"Fasto ya ce shekara tara bai taɓa kama ka kana gyangyaɗi ba."

"To, jiya na yi."

Ƙarya yake yi, kuma bai iya ta ba. DPO ya ce in ba a samu wani abu ba zuwa Alhamis da safe, a kai shi kotu, gari ya huta. Zamani ya san abin da hakan ke nufi: aiki ya tafi, suna ya ɓaci, kuma ba Yuguda kaɗai zai ɗauki sunan ba, har da duk mai kama da shi a unguwar.

A bakin ƙofa matar Yuguda, Adama, ta tare shi da kwanon abinci a hannu.

"Yallaɓai, ku kira Baba Kumai. Shi ya kawo shi aikin nan. Da wasu suka ce Musulmi ba zai yi gadin coci ba, shi ya tsaya masa. Zai zo ya yi belinsa."

Aka aika. Litinin ta wuce, Talata ta wuce, Baba Kumai bai zo ba. Wai bayansa ke ciwo.

Ranar Laraba da safe Zamani ya koma coci, ya nemi sakatariya, Madam Scholastica, ta ɗauko takardar masu gudummawa. Tana kiran suna, Hellen na juya bututu tana dubawa.

"Gidan Joanna, biyu."

"Ga su."

"Gidan Kumai, biyar."

Hellen ta juya, ta sake juyawa. "Babu ko ɗaya."

"Gidan marigayi Boaz, biyu."

"Shi ma babu."

"Wane ne Boaz?" Zamani ya tambaya.

"Ƙanen Baba Kumai ne, ya rasu bara. Baba ne ya saya da sunansa." Madam Scholastica ta dafe ƙirji. "Kai, ka ga mugun mutum! Duk bututun nan sai na Baba ya zaɓa? Wannan ai ƙiyayya ne. Ko shi Baba da ciwon baya ya hana shi zuwa Nok, in ya ji wannan zai kwanta gaba ɗaya."

"Bai je Nok ba?"

"Bai je ba, sa."

Zamani ya sake duban shuɗin fentin. Yuguda bai iya karatun boko ba, ko sunansa da dangwale yake sa hannu. Wanda ya sauke tarin nan yana karanta suna ne.

Ya so ya tura Hellen gidan tsohon ita kaɗai. Bai tura ta ba, amma ya so, kuma ya ji kunyar son.

Gidan Baba Kumai na da nisan jifa biyu daga bayan coci. An share tsakar gida tas, an yi wa bango sabuwar farar ƙasa, sai dai a gefe ɗaya ja na leƙowa ta ƙarƙashin farin. Tsohon bai ce su shiga falo ba. Ya sa aka fito da kujeru ƙarƙashin mangwaro, can nesa da bayan gida. Warin maganin wanke masai ya cika iska, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani warin da Zamani ya sani daga gidansa.

"Ana shirin biki ne, Baba?"

"Surukai ne za su zo daga Zonkwa ranar Asabar, neman auren 'yata Miriyam."

"Allah ya sa albarka. Yaya bayan?"

"Da sauƙi. Shi ya hana ni fita ranar Lahadi."

Matarsa, Mama Afiniki, ta kawo ruwa. Ba ta kalli kowa ba.

"Mama, zan ɗan kewaya," in ji Hellen.

Tsohon ya buɗe baki, amma matar ta riga shi. "Shiga mana, 'yata. Ai ya gyaru yanzu, mun gode Yesu."

"Yaushe ya gyaru?" Zamani ya tambaya a hankali.

Mama Afiniki ta juya ta dubi mijinta.

Zamani ya tashi ya zaga bayan gidan. Daga bayan gida har bakin titi an ja kunya guda ɗaya, miƙaƙƙiya, an soka mata karan rogo. Kunya ɗaya tak a tsakiyar hanyar da ake bi, ƙasarta ɗanya. Ya tsaya yana kallonta. Mutumin da ya koya musu aikin gona a makaranta ba zai shuka rogo a inda ƙafa ke takawa ba.

"Kofur, nemo fartanya."

"Zamani." Tsohon ne a bayansa, yana nuna Mama Afiniki da ido. "Kada ka tona a gaban uwarka."

Da a ce ya daka masa tsawa irin ta aji huɗu, da ya fi sauƙi. Zamani ya karɓi fartanyar da kansa. Sara huɗu ya yi farin roba ya bayyana. Ya share ƙasar da tafin hannu, ga shuɗin fenti: GIDAN KUMAI.

Mama Afiniki ta ɗora hannu a ka. "Ka ce mini bashi ka ɗauko a shago!"

"Nawa ne," in ji tsohon. "Da kuɗina na saya. Ban taɓa na kowa ba. Ka duba, ko ɗaya ban taɓa na wani ba."

"Ka ba coci, Baba. A gaban jama'a."

Sandar ta kuɓuce masa. Ya zauna a kan bulo. Da ya fara magana kuma bai ɗaga kai ba.

"Sokawen nan ya rufta tun damina. Wata huɗu muna zuwa daji kamar awaki, ni da na yi hedimasta shekara ashirin. Uwarka sau uku tana musanya ranar da zumuntar mata za su zo addu'a gidan nan. Na tara ɗan abin da zan jona. Ranar gudummawa sai suka fara kiran sunana, wai uba ne zai buɗe. Kowa ya juyo yana kallona. Me zan ce? In ce gidana na wari? Na miƙe na ce biyar. Aka tafa, daɗi ya kwashe ni, na ƙara biyu da sunan Boaz. Da na dawo gida ban iya cin tuwo ba."

"Sai surukai suka sa rana."

"Mutum goma sha biyu za su zo, su ci su sha tun safe. In ɗaya ya ce zai kewaya, ina zan nuna masa? Na ce in ara, in mayar bayan biki, ba wanda zai ƙirga kafin nan. Ranar Lahadi na buɗe da makullina, na yi sawu huɗu da baro ta bayan coci. Mai gyaran famfo na ɗauko daga Zonkwa, don kada na gari ya karanta sunan."

"Yuguda fa?"

Nan tsohon ya rufe fuska. "Ya gan ni. A sawun farko muka haɗa ido. Sai ya ɗauki butarsa ya juya mini baya, ya tafi bayan katanga, bai dawo ba sai da na gama."

"Kuma ka tsaya a gabana ka ce a bar doka ta yi aikinta."

"Na faɗa."

Zamani ya so ya yi fushi, amma fushin ya ƙi zuwa. Makulli uku aka gaya masa tun ranar farko. Ya tsallake mai sanda, ya tsallake Fasto mai kwala, ya ɗauki wanda ke zaune a ƙasa. Kwana biyu mutum na bayan kanta saboda shi ya kasa yi wa malaminsa tambaya guda ɗaya. Kunya ta kama shi har ya kasa kallon Hellen.

"Tashi mu je, Baba."

"Ankwa fa, Oga?" Hellen ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"Bar ta a mota."

Maƙwabta sun riga sun fito. Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya yi dariya. Wata mata ma ta rusuna ta gaishe shi don sabo, sannan ta rasa inda za ta sa idonta.

A caji ofis, Saje ya fito da Yuguda, ya miƙa masa hularsa da takalmansa na roba. A daidai lokacin ne Baba Kumai ke tsaye a gaban kanta yana kwance bel ɗinsa.

Yuguda ya gan shi, ya tsaya cak da takalmi ɗaya a ƙafa. Ya dubi Zamani, ya dubi tsohon. Fuskarsa ba ta nuna murnar fita ba, tsoro ne a cikinta. Ya durƙusa har ƙasa kamar yadda ya saba kowace safiya a ƙofar coci.

"Baba," ya ce, "wallahi ban faɗa ba."

Baba Kumai ya sunkuyar da kai. Saje ya kama hannunsa a hankali ya wuce da shi ciki, zuwa ɗakin da Yuguda ya kwana biyu.